Ruwan da ya kawo zinare, shi ya kawo guba

Yau kalma ɗaya tak na kawo muku: efitamal. Daga harshen Girka take, ma'anarta "daf da zafi". Masana duwatsu na amfani da ita, masana fiziks ma haka, kuma za ku ga inda biyun suka haɗu.

Bari mu fara da ƙasa. A yankunan duwatsu masu aman wuta, ruwan sama kan nutse, ya tarar da zafin narkakken dutse, ya yi zafi har digiri 200 zuwa 300. Irin wannan ruwa yana narkar da ma'adinai ya taso da su ta tsagogin dutse. Da ya kusanto sama, kamar saura kilomita ɗaya, nauyin da ke danne shi ya ragu, sai ya tafasa, ya sauke kayansa a tsagar. Haka jijiyar zinare ke samuwa. Shi ne zinaren efitamal.

Misali ma'adinar Hishikari a Japan, wadda aka fara haƙa a 1985. Tan guda na dutsenta kan ba da zinare wajen giram 20, alhali wurare da yawa giram ɗaya zuwa uku suke samu. Har yau ruwan zafi na ɓuɓɓugowa a ramin.

To amma fa ruwan nan ba ya zaɓe. Yadda ya ɗauko zinare da azurfa, haka yake ɗauko arsenik da zaiba, wani lokacin da dalma. Duk guba ne.

Yanzu fiziks. Idan ƙwayar yuraniyom ta tsage a injin nukiliya, tana fitar da wasu ƙananan ƙwayoyi, niyutiron, masu gudun kusan kilomita 20,000 a daƙiƙa. Suna ta karo da ruwa har gudun ya sauko zuwa kilomita 2.2 a daƙiƙa. Waɗanda ke tsakiya, sun rage gudu amma ba su gama lafawa ba, su ne niyutiron efitamal.

Meye amfaninsu? Zinare da arsenik suna cafke irin waɗannan sosai. Sai a naɗe garin dutse da ƙarfen kadmiyom, wanda ke tare masu sanyin gudu, a saka a injin. Kowane sinadari sai ya fitar da haske irin nasa, na'ura ta karanta. Dutsen ya tona asirin kansa ke nan.

Kada ku ce sai Turai. Akwai ƙaramin injin nukiliya na bincike a Jami'ar Ahmadu Bello Zariya tun 2004, kuma gano sinadaran da ke cikin dutse da ƙasa na cikin manyan ayyukansa.

Me ya sa na damu? Zinaren Zamfara ba efitamal ba ne, ya samu ne can ƙasa da zurfi, kuma ya fi tsufa nesa. Amma shi ma ruwan zafi ne ya ajiye shi, tare da dalma. A 2010, a Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu saboda ana niƙa dutsen a cikin gidaje, ƙurar na shiga abinci da hannuwansu. Iyayen nan neman halak suke, ba su san abin da ke cikin dutsen ba. Ita dalma da wata na'urar hannu ake gano ta, cikin mintoci.

Don haka ɗan'uwa, in kana zuwa haƙa: kada ka kai dutse gida, kada a niƙa inda yara suke, ka yi wanka ka canza kaya kafin ka shiga cikin iyali. Mu kuma mu matsa wa hukumomi a riƙa gwada dutse kafin a fara haƙa, ba bayan an yi jana'iza ba.

Wanda ke da ɗan'uwa a wajen haƙa, ya tura masa wannan. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in sha Allah.