Idan Bizit Ta Kayar Da Motar Kaya

Ƴan kasuwar Damagaram Takaya sun san zafin abin: mota ta je bizit Zinder, an ce birki ko fitila ba su yi ba, ga kaya na jiran Kasuwar Dole. In mai mota bai gamsu ba, cacar baki ba ta fisshe shi. Ya karɓi takardar sakamako, ya kai wa amintaccen makanike ya duba laifin da aka rubuta. In gaskiya ne, a gyara, a riƙe rasit. In babu laifin, a koma a nemi sake awo a gaban idonsa. Na goro kuwa takarda kawai yake saye, birki na nan a mace, ga mata da buhunan hatsi a baya.