Mataimakin ma'aikacin lafiya a Ingila: ba kwas ɗin mako shida ba ne

Tun da Birtaniya ta daina ɗauko masu kula da tsofaffi daga ƙetare a Yulin 2025, wasu dillalan biza suka sauya waƙa. Wai ka biya kuɗi, ka yi ɗan kwas a intanet, ka sauka Ingila a matsayin mataimakin ma'aikacin lafiya, gobe kuma ka zama nas. Abin haushin shi ne har masu ilimi na gaskata wannan zance.

A tsarin albashin hukumar lafiya ta NHS, mai yi wa majinyaci wanka da ba shi abinci yana mataki na 2 ko na 3, nas mai rajista kuma yana farawa daga na 5. Mataimakin da ake magana a kansa yana na 4, kuma yawanci sai ya yi karatun kusan shekara biyu na ƙaramin digiri kafin ya hau. Galibi yana aiki ne yana karatu, asibitin da ya ɗauke shi ne ke tura shi. Ke nan sai kana ciki tukuna.

Takardar da dillalai suka fi tallatawa kuwa, wato shaidar kulawa ta matakin farko, tana da tarihi mai ɗaci. Bayan rahoton Robert Francis na 2013 kan sakacin da aka yi wa majinyata a asibitin Stafford, binciken Camilla Cavendish ya gano babu wani mafi ƙarancin horo da aka wajabta wa masu wannan aiki. Daga nan aka fito da takardar a 2015. Sharaɗinta shi ne a ga hannunka a bakin aiki, mai kula da kai ya tabbatar. Kallon bidiyo daga Kano ba ya cike wannan gurbi.

Ko bayan shekara biyun ma, mataimaki kamar yaron mota yake. Ya iya tuƙi, wani lokaci ma ya fi direba sanin hanya, amma sai direba ya miƙa masa makulli. Yana ɗaukar jini, yana wanke ciwo, duk bisa umarnin mai rajista.

A nan mahukuntan Ingila ma suna da nasu laifin. Tun 2019 majalisar NMC mai kula da aikin nas ke yi wa sabon rukunin mataimakan nas rajista, amma mataimakan ma'aikatan lafiya da ake magana a kansu har yau ba su da rajistar da doka ta tilasta, alhali aikin da ake loda musu kullum ƙaruwa yake.