Jar Giyar Inabi Da Jan Nama A Teburin Turawa

A cikin 'yan Arewa mazauna Ikko akwai masu aikin kuku ko kai abinci a manyan otal-otal da gidajen Turawa na Ikoyi da Victoria Island. Yawancinsu ba su taɓa ɗanɗana giya ba, amma su ake tura wa kwalba, su kuma ake yi wa faɗa in ta zo tare da abincin da bai dace da ita ba. To, al'amarin yana da ƙa'ida, kuma ba sai mutum ya kurɓa zai gane ta ba.

Jar giya mai kauri, irin wadda ake yi a Bordeaux ta ƙasar Faransa da inabin Cabernet Sauvignon, ko Malbec ta Ajantina, akan bar ruwan inabin ne ya ruɓa tare da ɓawonsa da 'ya'yansa. Daga nan take samun launi, da wani sinadari da ake kira tanin. Duk wanda ya taɓa tauna goro ko ya sha baƙin shayin da ya daɗe a buta ya san shi, watau baurin nan da ke busar da baki. Tanin yana kama yawu ne, shi ya sa harshe ke yin kaushi.

Maganin bauri kuwa shi ne nama mai kitse. In mai ci ya tauna gasasshen naman sa ko cinyar rago, sai tanin ya kama naman maimakon yawun, baurin ya lafa, maiƙon kuma ya wanke daga baki. Dalili ke nan mutanen Bordeaux ke cin naman ɗan rago da giyarsu, na Ajantina kuma gashin sa. Tsohon cuku mai tauri ma yana shiga.

Kifi ne abokin gabarta, don takan tayar da ƙarninsa har baki ya ji kamar an lashi ƙarfe. Haka nan barkono. Irin wannan giya takan ƙunshi barasa kashi 14 ko 15 cikin 100, barasa kuwa ƙara wa yaji zafi take yi, saboda haka Baturen da ya haɗa ta da farfesun Ikko shi ya jawo wa kansa. Har ila yau, da Turawa ke cewa a sha ta da ɗumin ɗaki, ɗakin ƙasarsu suke nufi, wajen digiri 16 zuwa 18. A zafin Ikko sai kwalbar ta ɗan shiga firiji tukuna.

Akwai wani abu da ya shafi ma'aikaci Musulmi kai tsaye. Faransawa ba a kofi kaɗai suke zuba giyar ba, har a tukunya. Dafukan da suke kira boeuf bourguignon, na naman sa, da coq au vin, na kaza, cikin jar giya ake dafa su. Mutane da yawa sun ɗauka wuta tana ƙone barasar sarai. Ba haka ba ne. Wani binciken da aka buga a Amurka a 1992 ya nuna bayan minti 15 a kan wuta kashi 40 cikin 100 na barasar na nan, bayan awa biyu da rabi ma akwai saura kashi 5. Ragowar irin wannan dahuwa ita ce sau da yawa ake miƙo wa ma'aikata bayan baƙi sun tashi.