Hira Ba Daga Kogon Hira Ta Fito Ba

Kwanan baya a wata majalisa ta bakin titi a Gaya na ji wani matashi yana karanta wa jama'a saƙo daga wayarsa, wai kalmar "hira" daga Kogon Hira ta samo asali, don haka duk mai zaman hira lada yake kwasa. Aka yi ta gyaɗa kai. Karo na uku ke nan da nake jin wannan magana, har da sau ɗaya a wurin ɗaurin aure a Ajingi, kuma shirun ya ishe ni.

Hira dai kowa ya san ta. Ita ce taɗi, wasu su ce fira. Saurayi na zuwa hira, ɗan jarida na yin hira da gwamna, yanzu har da ta waya.

To ina ta haɗu da kogo? Hira'u sunan wuri ne a kan dutsen Jabalun Nur da ke Makka, inda wahayi ya fara sauko wa Annabi (SAW) a shekarar 610. Keɓewa ce ta kai shi can, ya nisanci hayaniyar mutane. Ta yaya za a ɗauki sunan wurin kaɗaita a laƙaba wa surutu? Ko a furuci ma ba su dace ba: a ta Larabci gaɓar ƙarshe ake ja a rufe da hamza, mu kuwa gaɓar farko muke ja. Kuma galibi kalmar da muka aro daga Larabci tana zuwa da ma'anarta a goye. "Labari" daga al-khabar yake. "Majalisa" daga majlis take, wato wurin zama, shi ya sa bencin mai shayi da zauren dokoki na Kano suke amsa suna ɗaya. Balarabe kuwa ba ya kiran taɗi Hira'u. Ai da kamannin sauti hujja ne, da Gaya ma mun ce daga "gaya mini" aka samo ta, ko daga gayan tuwo.

Mai neman dangin kalmar ba sai ya haye Bahar Maliya ba. Ya leƙa rugar Fulani a ƙasar Ajingi da almuru. A Fulatanci gaisuwar yamma "jam hiiri" ce, zaman dare kuma "hiirde", kuma haka ake faɗa tun daga Senegal har Kamaru. Mu ma hirar iyayenmu ta dare ce, bayan tuwo, a zaure ko a dandali. Nan alamu suka fi karkata.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne amfanin da ake yi da wannan ƙarya. Ana so a sa wa gulma rawani. A zauna tun daga sallar isha'i har sha biyun dare ana sassaƙa mutane, in ka yi magana a ce "hira ce kawai". A 2024, da aka rushe masarautar Gaya a watan Mayu aka dawo da ita a Yuli da ƙananan hukumomin Gaya, Ajingi da Albasu, wace irin jita-jita ce ba a dafa a kan benci ba? Rashin aikin yi ma na da nasa kason. Amma aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta kamanta gulma da cin naman ɗan'uwa matacce, kuma sauya mata suna bai sauya hukuncin ba.

Saboda haka in saƙo ya zo maka da asalin wata kalma, tambayi malamin Hausa ko na Larabci kafin ka tura. A Jami'ar Bayero akwai cibiyar nazarin harsunan Nijeriya da ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, a neme shi. A majalisa kuma, in an ɗauko sunan wanda ba ya wurin, jefa zancen gona ko farashin taki. In an ƙi, shafa fatiha ka tashi. Dattawa ku tsawata, don yaran da ke gefen tabarma suna naɗewa. Magidanta kuma ku rage wa iyali wani abu daga daren, domin matar da ta yini ita kaɗai ita ma tana da bakin hira.

Malam, yi hirarka ka more, halak ce. Sai dai ka bar Kogon Hira a inda Allah ya ajiye shi.