FITSARIN JINI GA MAGIDANCI: BA KULLUM NE TSARGIYA BA

Duk wanda ya tashi a ƙauyen bakin kogi ko tafki a Arewa ya san tsargiya. Yaro ya yi ta wanka a kududdufi, bayan 'yan watanni sai a ga jini a ƙarshen fitsarinsa, har a waɗansu wurare akan ɗauka alamar balaga ce. To, wannan sabo shi ne yake cutar da waɗansu magidanta 'yan Arewa mazauna Kurmi. Mutum ya ba shekara hamsin baya, yana sana'arsa a Agege ko Shagamu ko unguwar Sabo ta Badun, rabonsa da shiga rafi an yi shekara talatin, amma ran da ya ga jini a fitsarinsa sai ya ce tsargiyar ƙuruciya ce ta motsa. Likitoci kuwa sun ce fitsarin jini ga babba yana iya zama alamar farko ta ciwon dajin ƙoda ko na mafitsara.

Ƙoda biyu ce a jikin mutum, kowace kamar girman dunƙulen hannu, suna can baya ƙarƙashin haƙarƙari, dama da hagu. Aikinsu tace jini. A kwana guda sukan tace ruwa wajen lita 180, watau kusan cikin duro, su mayar wa jiki da mafi yawansa, su fitar da kamar lita ɗaya da rabi, shi ne fitsari. Ciwon dajin yakan fara ne a 'yan ƙananan bututun da ke yin wannan taciya, inda ƙari zai tsiro ya yi ta girma sannu a hankali.

Bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2022 mutum fiye da 430,000 ne aka samu da shi a duniya, fiye da 150,000 kuma suka rasu. A wannan ƙididdiga maza sun kusa ninka mata, galibi kuma waɗanda suka manyanta ne. Abubuwan da aka tabbatar suna ƙara hatsarin kamuwa su ne shan taba, da ƙiba mai yawa, da hawan jini, da daɗewa ana wankin ƙoda. Kaɗan daga ciki gadonsa ake yi. Ba a ɗaukarsa daga wani, ba kuma sammu ba ne.

Muguntar wannan ciwo ita ce shirunsa. Ƙarin yakan yi shekaru yana girma mai shi bai ji ko ɗar ba. Manyan alamunsa uku ne: jini a fitsari, da ciwo a kwiɓi wanda ba ya sauka, da kullutu a gefen ciki. Amma kamar mutum ɗaya cikin goma ne kawai yake zuwa da duka ukun, kuma kafin su haɗu galibi ciwon ya yi nisa. Waɗansu kuwa rama ce kurum, da kasala, da ƙarancin jini, da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, wanda akan yi ta sha masa maganin cizon sauro a banza.

Shi jinin kuma ba ya zuwa da zafi, yakan fito kwana biyu ya ɗauke. Nan ne ake yin kuskure. Mutum ya sayi ƙwaya a kemis ko ya jiƙa sassaƙe ya sha, jini ya tsaya don kansa, sai a yaba wa magani. Wani kuma ya ce bari sai ya je gida da Salla a nema masa na gargajiya. Alhali kuwa ƙarin yana nan yana cin gaba, har ya bi jini ya kai huhu ko ƙashi ko hanta.

Binciken ba mai wuya ba ne. Za a auna fitsari, in tsargiya ce za a ga ƙwanta, akwai kuma maganinta. Sa'an nan a duba ciki da na'urar nan da ake duba masu juna biyu. Idan an ga ƙari sai a yi hoton da ake kira siti-sikan don a san girmansa da inda ya kai. Manyan asibitocin koyarwa na Kudu, kamar na Badun da aka buɗe a 1957, da na Ikko da ke Idi-Araba, da na Binin da na Inugu, suna da likitocin ƙoda da mafitsara.

Babban maganinsa tiyata ce. In ƙarin ƙarami ne akan yanke shi a bar sauran ƙodar, in babba ne a cire ta gaba ɗaya. Da yawa sukan tsorata da jin haka, amma tun 1869 wani likita a Jamus, Gustav Simon, ya cire wa wata mace ƙoda ta kuma rayu, domin ƙoda guda mai lafiya ta isa ta riƙe mutum. Ga wanda ciwon ya bazu, tun daga 2005 an samu sababbin magunguna masu hana ƙarin samun jini, daga baya kuma masu zuga garkuwar jiki ta yaƙe shi. Sukan ƙara kwana, sai dai akwai tsada, kuma ba kasafai suke warkarwa ba.

Ƙididdigar Amurka ta nuna bambancin ƙarara. Cikin waɗanda aka gano ciwon tun yana cikin ƙoda, fiye da 90 cikin 100 suna nan da rai bayan shekara biyar. Cikin waɗanda ya riga ya kai sassa masu nisa, ba su kai 20 ba.

Saboda haka duk magidanci ko uwargida da suka ga jini a fitsari, ko da sau ɗaya ne, ko da ya ɗauke, tilas ne su nufi asibiti a makon, a garin da suke zaune. Kuɗin mota zuwa Kano ko Sakkwato gara a kashe su wajen awo da hoto.