Butar matse gahawa: me ya sa ta wasu ke fitowa da ɗaci?

Butar gilashin nan mai murfi da sanda a tsakiya ta fara shiga gidajenmu. Nan Yara, cikin garin Keffi, ina ganinta wajen ma'aikata masu zuwa Abuja kullum, kuma na san a Agege da Sabon Ibadan an riga mu saninta. A shago da sunan French press ake tambayarta. Ni butar matsa nake ce mata, abin da ake dafawa a ciki kuma gahawa, domin in na ce kofi sai a rasa na sha nake nufi ko na zubawa.

Ƙorafin da na fi ji guda ne: an sayi buta da tsada, an dafa, abu ya fito da ɗaci kamar maɗaci, ga laka a gindin kofi. Daga nan sai a jefa ta kabad a koma wa Nescafé. To, yawanci ba laifin butar ba ne, laifin niƙa ne.

Mu fara da bambancin. Nescafé ɗin da mai shayi ke zuba mana gahawa ce da aka riga aka dafa a masana'anta, aka busar da ruwan ya zama gari, shi ya sa take narkewa. Ba ta da abin yi a cikin wannan buta. Butar matsa ta ainihin ƙwayar gahawa ce da aka soya aka niƙa, wadda ba ta narkewa. Jiƙa ta ake yi a ruwan zafi, sannan a danna rariyar ƙarfen da ke jikin sandar ta tura dusar ƙasa. Wani ɗan Italiya, Attilio Calimani, ya yi rajistar wannan ƙira a 1929, duk da sunan Faransa da ta ɗauka. Ba ta son wutar lantarki, ba ta son takardar tacewa. Ga wanda ke zaune a unguwar da wuta sai ta ga dama, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Rariyar nan ramukanta manya ne. In garin ya yi laushi kamar fulawa, zai bi ta ramukan ya shigo kofi, kuma ruwa zai tsotse ɗacinsa tun kafin minti biyu. Abin da ake so shi ne ɓarzajje, kamar garin kwaki mai tsakuwa-tsakuwa. Don Allah kar a kai wa mai injin markaɗe na unguwa. Zai yi laushi fiye da kima, sannan injin da ya niƙa barkono da daddawa da safe ba zai bar wa gahawarka ƙamshinta ba. Ƙaramin turmi mai tsabta, wanda ba a taɓa daka yaji a ciki ba, ya wadatar. A daka ta a hankali, daidai wadda za a sha a lokacin. In kuma niƙaƙƙiya za a saya a leda, a duba a tabbatar ɓarzajjiya ce, domin mafi yawan na kanti an niƙa su ne don injin.

Awo kuwa mai sauƙi ne. Ledar fiya wata ɗaya rabin lita ce, tana cin gahawa giram 30, wato kusan cokalin cin abinci huɗu zuwa biyar a cike. Wannan kofi biyu ke nan. A tafasa ruwan, a sauke, a ba shi kamar rabin minti ya huce kaɗan. A ɗauraye butar da ruwan zafi tukuna, gilashi mai sanyi na iya tsagewa, musamman da hunturu irin namu na nan. A zuba gari, a zuba ruwa, a juya sau ɗaya, a ɗora murfi ba tare da an danna ba. Minti huɗu. Sai a danna sannu-sannu. In sandar ta cije tana neman ƙarfi, garin ya yi laushi, kar a tilasta mata, ruwan zafi na iya fantsamowa hannu.

Da an danna a juye duka, ko a kofi ko a filas. Wanda ya bar ta a buta ya tafi masallaci, to ta ci gaba da jiƙuwa, zai dawo ya tarar da ɗaci. Masu son citta ko kanumfari su jefa tare da garin tun farko. A ganina ɗan kaɗan ya isa, in ya yi yawa shayi ka dafa.

Ƙwayar ma ba sai ta waje ba. Ana noma nau'in arabika a tsaunin Mambila na jihar Taraba da kuma wajen Jos, robusta mai ƙarfi da ɗaci kuma a jihohin kudu masu ruwa. Cibiyar binciken koko da ke Ibadan, CRIN, ita ce aka ɗora wa binciken gahawa da goro da ganyen shayi a ƙasar nan. Ku da ke Legas da Fatakwal, laimar iska ce abokiyar gabarku: ku adana ƙwayar a kwalba mai murfi da ke rufuwa gam, ku sayi ta 'yan makonni kawai.

Saura maganar lafiya. Da yake babu takardar tacewa, man gahawar na wucewa cikin kofi, kuma akwai wani sinadari a cikinsa, kafestol, da ke ɗaga kitsen jini da likitoci ke kira kolestarol in ana sha da yawa kullum. Wanda aka riga aka gaya wa nasa ya hau, ko mai hawan jini, ya tambayi likitansa. Hukumomin lafiya na Turai da Amurka sun sa iyakar kafin ga babba mai lafiya a miligiram 400 a rana, kusan kofi huɗu, mai ciki kuma rabin haka. Mu da ke tauna goro, a tuna shi ma yana cikin lissafin.