Yadda Elektiron Ke Zama a Cikin Ƙwayar Zarra

Hoton da aka saba zanawa a littattafan sakandare, na elektiron yana kewaya cibiyar ƙwayar zarra kamar yadda duniya ke kewaya rana, masana fiziks sun daɗe da ajiye shi. Asalinsa daga 1911 ne, lokacin da Ernest Rutherford ya gano a Manchesta cewa kusan duk nauyin zarra a 'yar ƙaramar cibiyarta yake. Matsalar ita ce, duk abin da ke ɗauke da cajin lantarki, in yana kewaye, dole ya riƙa zubar da kuzarinsa a matsayin haske. Da haka abin yake, da elektiron ya afka cikin cibiya kafin ƙiftawar ido, da babu dutse, babu ruwa, babu mu.

A 1913 Niels Bohr ya ce matakan kuzari ƙayyadaddu ne, kuma haske na fita ne idan elektiron ya sauko daga wani mataki zuwa na ƙasa. Lissafinsa ya dace da launukan da haidirojin ke fitarwa, amma bai faɗi dalilin matakan ba.

Dalilin ya bayyana bayan Louis de Broglie ya ce a 1924 elektiron na da ɗabi'ar taguwa, Erwin Schrödinger kuma ya tsara lissafinta a 1926. Tsirkiyar gurmi, da yake a ɗaure take ta kai biyu, wasu amo ƙayyadaddu kaɗai take iya fitarwa. Haka taguwar elektiron da cibiya ta riƙe: wasu siffofi kaɗai take iya ɗauka, kowace da nata kuzari. Max Born ya ƙara da cewa abin da taguwar ke nunawa shi ne yiwuwar samun elektiron a kowane wuri in an auna. Babu wata hanya da yake bi.

To me ya hana shi faɗawa ciki? Ƙa'idar Werner Heisenberg ta 1927 ta amsa: gwargwadon yadda aka matse elektiron a ƙunci, gwargwadon yadda kuzarin motsinsa ke hauhawa. Jan cibiya da wannan turjiya su suka daidaita girman zarra. Wolfgang Pauli kuwa ya nuna a 1925 cewa siffa ɗaya ba ta ɗaukar fiye da elektiron biyu, shi ya sa sinadarai suka bambanta da juna.

Wannan ilimi ya cancanci a koyar da shi da gaske, domin da shi aka ƙera tiransista a 1947, kuma da shi farantin sola ke mai da hasken rana wutar lantarki.